Awon Ranar Juma'a

A wani ɗan ofishinmu da ke Limawa na rubuta sabuwar manhajar duba sakamakon jarrabawa ta wata makaranta. Kafin a saki kowane aiki, abokiyar aikinmu mai gwaji, 'yar garin Garatu, takan tura wa manhaja baƙin bogi da yawa a lokaci guda, kamar iyaye ne ke ta shiga, ta ga yadda za ta ɗauki lodi. Sannan a kwatanta da awon farko, wato wanda aka yi wa tsohuwar manhajar. Da wannan awon oga ya yi wa makarantar alkawarin cewa iyaye ba za su jira ba.

Da safiyar wata Litinin aka gwada tawa. Da sakamakon gwajin ya fito, sai da na cire gilashina na goge. Shafin da awon farko ya ce yana buɗewa nan take, a tawa jan ciki yake yi. Aikin da na sha wuya a kansa!

"Malam, wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce," in ji oga. "A koma tsohuwar. Kai kuma za mu yi magana."

Kowa a ofishin ya san abin da "za mu yi magana" ke nufi.

Na tambayi mai gwajin yaushe ta yi awon farkon.

"Ranar Juma'a mana," ta ce. "In kun tafi masallaci ofis yana shiru, intanet duka nawa ne. Oga ne ma ya ce in riƙa yi lokacin."

Na duba ofis. Wannan yana sauke fayil, wancan yana kallon ƙwallon jiya, kuma duk layin intanet ɗaya muke ja da na'urar gwajin. Na roƙi a gwada tsohuwar yanzu-yanzu, a cikin wannan hayaniyar.

Aka gwada. Wallahi ta fi tawa jan ciki. Can ma sai ta tsaya cak.

Na zaci zan yi murna, amma sai na tuna a kan awon Juma'ar nan aka yi wa makarantar alkawari. Oga ya zauna a kujerata, bai ma san tawa ba ce. Ya kalli allon, ya ce a hankali, "Iyayen nan kuwa ba za su tafi masallaci su bar mana layi ba."