Kunnen Inna Tamada

Da an sallame asuba, Inna Tamada ungozoma kan ɗauki ƙwaryarta da sabulun salo ta bi gidajen masu jego a Wara da ke bakin tafki, wani lokaci har ta shiga kwalekwale zuwa tungayen masunta. Shekara talatin da wani abu tana haka. Tana da wata ɗabi'a: in ta wanke jariri ya tsala kuka, sai ta rufe ido ta kasa kunne, ba ta naɗe shi a zane sai ta gama jin muryarsa.

Rufe idon nan shi ya fi ƙona wa Malama Hajara rai. Ita fa ta yi makarantar ungozoma, ga takarda ga farar riga, ita ke riƙe da ɗakin haihuwa na garin, amma mata su wuce ta su tafi wurin tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Hajara kishinta take yi, ba ta ko ɓoyewa. In an yabi Tamada, sai ta taɓe baki ta ce sa'a ce kawai.

Shekara biyu da samun Jihar Kebbi, Hajara ta haifi Mufida. Jaririya sai barci, nono ma sai an tashe ta. 'Yan barka suka yi ta cewa an sami mai haƙuri. Ana sati uku da haihuwa Tamada ta leƙo, ba wanda ya kira ta. Ta tarar ana wanka, ta tsaya ta rufe ido.

“Hajara, wanga ba haƙuri ba ne,” in ji ta. “Kukan ɗiyar ga ya dushe, ya yi kauri kamar na babba mai mura. Kai ta babban asibiti.”

Hajara ta shaƙa. Wai ita za a koya wa aiki, a ɗakinta, a kan 'yarta! Kwana takwas tana gardama da zuciyarta kafin ta buɗe littafinta na makaranta. Ga shi nan a rubuce: dusasshen kuka, yawan barci, harshe ya cika baki. A Sakkwato aka auna jini, aka gano halittar nan ta wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ba ta aiki tun haihuwa. In ba a ba yarinya ƙwaya kullum ba, jiki da ƙwaƙwalwa za su tsumbure. Likita ya ce saura kaɗan a makara.

Da Hajara ta dawo ta je ta tambayi Tamada inda ta koyo wannan. Tsohuwa ta nuna ɗanta Ɗangana zaune a gindin bango, shekara talatin, tsawonsa na ɗan shekara goma, magana da ƙyar.

“Haka ya yi kuka,” ta ce. “Ni ma haƙuri na kira shi.”

Inna Tamada, ke ce kika mai da ciwonki kunne don 'ya'yan wasu. Bana gwiwa ta zaunar da ke, Mufida kuwa ta shiga aji ɗaya, bakinta ba ya hutawa. Mun gode, Allah Ya saka miki. Ungozomomin bakin tafki, ku riƙa sauraro kafin ku naɗe jariri.

Hajara ta ce har gobe tana jin haushin yadda kunnen tsohuwa ya riga littafinta. Amma je ka ɗakin haihuwa da safe, jariri na tsala kuka za ka gan ta tsaye da farar riga, ido a rufe.