Guɗar Inna a Bikin Kiɗan Jaz

Jama'a, yau saura ƙiris Inna ta ja mini sallama daga aiki!

Mudir ɗinmu na asibiti ne ya ba ni tikiti biyu na bikin kiɗan jaz, irin na 'yan gwaje-gwaje. Maigida yana wurin aiki, sai na ɗauki mahaifiyata, Inna, da ta zo mana daga Katsina. Muna shiga, ashe kujerunmu na gefen Mudir da matarsa!

Aka fara. Wani yana goga kwalba a wayoyin fiyano. Mai ganga kuwa takarda yake ta yagawa. Zaure tsit, kamar zaman makoki.

Can wani Bature ya ɗaga ƙatuwar algaita ta ƙarfe, ya ja busa ɗaya doguwa, ko numfashi babu. Kun san Inna da algaita. Sai gani na yi ta kama hanci ta rangaɗa guɗa: "Ayyururuiii!"

Na ce, "Inna, ki rufa mini asiri!" Watan nan fa za a sabunta kwantiragina!

Baturen ya dakata, ya juyo, ya mayar mata da guɗar da algaitarsa. Inna ta ƙara. Shi ma ya ƙara. Mai ganga ya yar da takarda ya shigo. Zaure ya miƙe da tafi!

Mudir ya ce, "Mashallah! Gobe ma ki kawo ta."

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ke Bilki, gaya musu gwajin kayan ya isa haka nan. Su fara kiɗan, magariba ta kusa."