Bunyaminu Mai Ajiya a Gajimare

Duk wanda ya san bakin tashar Bagudo ya san shagon Bunyaminu, ko da bai taɓa shiga ba, don allon da ke bisa ƙofar ya fi shagon faɗi. An rubuta ɗaukar hoto, an rubuta bidiyon biki da suna, an zana kwamfuta tana feshin haske. Ciki kuwa benci ɗaya ne da tebur da fanka mai karyayyen wuya, sai mai shagon zaune cikin farin yadi yana jiran wanda zai yi wa bayani. Bunyaminu bai iya gaisuwa zalla ba. Ka ce masa ina kwana, sai ya gaya maka yadda duniya ta ci gaba ta bar ka a baya.

Haifaffen Kaoje ne, ɗan manoman shinkafa. Ubansa, Allah Ya jiƙansa, ya so ya riƙe masa fadama, amma tun yana ƙarami aka gane ƙafar nan ba ta laka ba ce. In an tura shi korar tsuntsaye, sai a iske shi a inuwa ya kwance rediyon gidan yana neman mutumin da ke magana a ciki. Aka kai shi makaranta Birnin Kebbi, ya yi abin da ya yi, ya dawo ba takarda, amma da kwamfuta a jaka da tabarau a goshi. Wai karatun ne ya yi masa kaɗan.

A yi masa adalci dai, abin da ya same shi bayan nan ba na dariya ba ne. Shekarar da kogi ya cika ya shigo gari, kowa ya yi abin da mutanen bakin ruwa suka gada: duk abin da kake so, ɗaga shi sama. Buhu bisa rufi, tukwane a rataye, awaki a tudu. Shi kuwa gwanin, saboda tsoron ɓarayi, ya tura kwamfutarsa ƙarƙashin gado ya tafi ɗaukar wani suna a Kende. Ruwa ya cinye ta. Bukukuwan mutane na shekaru suka tafi, har da hoton ubansa guda ɗaya da ke duniya. Ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya fitar da sauti, ya rantse ba zai sake ajiye komai a ƙasa ba.

Da ya farfaɗo ya sayi wata kwamfutar ya koma Bagudo, sai ya gano wata ma'ajiya ta intanet da masu abin ke kira gajimare. Duk abin da ka zuba a kwamfuta sai a kwafe shi can, ko na'urar ta nutse kayanka na nan. Ka gaya wa ɗan Kaoje akwai rufin da ruwa ba ya kaiwa, ai ka gama da shi. Bunyaminu ya rungumi abin nan hannu biyu, kuma har nan babu mai ganin laifinsa.

Sai dai ma'ajiyar tana ba mutum zaɓi. Ko ka ce kullum a bar maka kwafi cikin kwamfutarka, ka buɗe kayanka da sabis ko babu sabis. Ko kuwa ka ce a kwashe duka a bar su can, a kwamfutar sai sunayensu kawai da ɗan hoton gajimare a gefe, in ka danna sannan a sauko maka da shi. Kada wani ya ce rashin sani ne. Bunyaminu ya san duka biyun sarai, ya zaɓi na biyu da hannunsa, don kawai ya ji daɗin juya wa mutane kai.

"Dibi nan, Alhaji," haka yake ce wa mai biki, yana juya masa kwamfutar. "Bikin ɗiyarka na ciki, kuma ba shi ciki. Ka gane? Ba ka gane ba. Cika na'ura da kaya ƙauyanci ne, irin na tsohuwar da ke ɓoye daddawa ƙarƙashin katifa."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce Allah mai iko, ya tafi. Daga nan aka laƙaba masa Bunyaminu Gajimare, shi kuma ya ɗauka sarauta ce. A shagon akwai sabis daidai gwargwado, don haka asirinsa bai taɓa tonuwa ba. Matarsa Surayya ce kaɗai ta taɓa tambayarsa ranar da sabis ya ɗauke fa? Ya dube ta ta saman tabarau ya ce ta kula da tukunyarta.

To, akwai wata tsohuwa, Saratu, ƙanwar kakarsa, a Tungar Namadi, hayin iyaka cikin ƙasar Benin. Iyakar nan ba wani abu ba ne, rafi ne da gonaki. Mutane na ƙetarawa cin kasuwa da gaisuwar mutuwa ba tare da sun tuna sun bar Najeriya ba, waya ce kaɗai ke lura. Saratu ita ta raini wata marainiya cikin dangi, Zuhura, tun tana tsumma har ta isa aure. Aka ɗaura auren Zuhura da Sufyan mai gyaran babur a Bagudo, aka yi biki a can, Bunyaminu ya ɗauka a matsayinsa na yayan amarya. Tsohuwar ba ta samu zuwa ba. Gwiwoyi sun ƙi, ga ciwon ido da likita ya ce ba ya juyawa, sai dai ya yi ta matsewa. A lokacin tana gani kamar mai leƙe ta hudar zana.

Al'adar wajen ita ce bayan biki mai bidiyo ya kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba su kalla. Saratu ba ta jira al'ada ba, ta aiko da saƙo irin na kaka da jika: "A gaya wa mijina mai akwati ya kawo mani Zuhura in gane ta cikin lalle, tun ina gani."

Kai, ka ga shiri! Bunyaminu ya sa shaddar da ya yi bikin da ita, ya ɗauki kabu-kabu biyu, ɗaya nasa, ɗaya na ƙaramin janareta da lasifika. Ya isa bayan azahar ya iske Tunga kaf ta hallara. An rufe rumfar gidan da zana da zannuwa don a samu duhu, mata da goyo sun cika tabarmi, maza sun tsaya daga baya suna yi kamar wucewa suke. Aka kawo masa tuwon shinkafa da soyayyen kifi, ya ci ya sha, ya wanke hannu, sannan ya miƙe ya yi jawabi a kan yadda ilimi ya kai inda ake ajiye biki guda ba tare da ya tare wuri ba. Aka kamo hannun Saratu aka zaunar da ita gaba, hancinta kusa da gilashin.

Ya danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya sake dannawa, zoben ya ci gaba da juyawa. Ya ciro wayarsa ya duba, babu ko ɗigon sabis, tun a rafi ta yi sallama da shi bai kula ba. Sunan bikin na nan a rubuce ƙarara, ga ɗan gajimarensa a gefe, bikin kuwa ko ƙyallinsa babu.

"Na'ura na ɗumama ne," in ji shi, gumi na bin wuyan shaddar.

Zayyanu mai shagon caji ya tausaya masa ya ara masa waya mai layin Benin, ya ce amma fa sabis ɗinsu bai saukowa ƙasa, sai bisa surin da ke bayan masallaci. Haka Bunyaminu ya tattare shadda ya hau suri, kwamfuta a hannu ɗaya, wayar aro a ɗaya, jama'a na biye da shi a ƙasa. Da ƙyar abin ya kama. Yana shirin yin hamdala, sai ma'ajiyar ta lura daga wata ƙasa ake ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta ɗauka ɓarawo ne. Ta ce ta aika lambar sirri zuwa layinsa na Najeriya, ya shigar in shi ne. Layin nasa kuwa na cikin aljihu a mace. Mutumin da ya shekara yana tallar gajimare, ga shi tsaye bisa suri gajimaren ya ce bai san shi ba.

Wata mata ce ta fara sakin dariya, sauran suka kama. Man janareta ya ƙare yana nan a sama. Ya sauko da jar ƙasa a gwiwa ya koma rumfa, inda tsohuwar ke zaune yadda aka bar ta.

"Kai mijin banza, ina amaryar?"

"Kaka, matsala ce ta sabis. Abin na nan lafiya lau, sai dai..."

"Ka zo da akwati ka baro kaya gida? Ko mai tallar goro bai yin haka." Ta yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. "To, ka dawo gobe. Ina nan, ba inda za ni."

Gyaran ba wani aiki ba ne. Yana komawa shago ya danna inda ya kamata ya danna tun farko, ya ce a riƙa ajiye komai cikin na'ura. Kafin mako ya zagayo duk 'yan gajimaren sun koma alamar kore, bikin Zuhura ya sauko ya zauna daram. Abin da ya rage ya hau babur ne kawai.

Bai hau ba. Matan Tunga sun riga sun sa shi a waƙar daka, waƙar ta ƙetaro rafi ranar kasuwa, 'yan kabu-kabu na wucewa ta ƙofar shagon suna tambayarsa ko suri ya yi sanyi. Ya ce bari ƙurar ta lafa. Abin da ya fi ba ni haushi, a cikin kwanakin nan har jawabinsa ya canza. Yanzu in mai biki ya shigo sai ya juya masa kwamfutar ya ce, "Dibi nan, Alhaji, kore ne duka. Ni ba ni wasa da kayan mutane. Duk wanda ya dogara ga sabis a ƙasar nan bai san aiki ba." Ko kunya babu, wallahi, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro dabarar.

Sai bukukuwan gabanin azumi suka taso, kowa na son aurar da 'yarsa kafin a ga wata. Bayan salla wani mai neman kujera ya ɗauke shi yawon ɗaukar taro. Kafin ya juyo damina ta sauka, rafin ya cika ya hana babur wucewa. Zuhura da kanta ba hali, amarya ba ta yawo, da lokacin fitarta ya yi kuma laulayin ciki ya kwantar da ita. Ta aiko masa ya kai wa tsohuwar bidiyon ya fi a ƙirga. Surayya ta gaji ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Maigida, idon tsohuwar nan ba ya jiranka fa."

"Bidiyo ba ya ruɓewa," in ji shi, ya sa takalmi ya fita.

Sai da aka yanke shinkafa hanya ta bushe sannan ya shirya. Wannan karon ba shadda, ba janareta, ba lasifika. Ya cika batir, ya rataya jaka, ya zaɓi ranar da mutanen Tunga ke kasuwa don kada ya haɗu da masu waƙa. Ya iske gidan shiru, Saratu na zaune bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ya yi sallama ya durƙusa a damanta. Ta amsa, ta juya fuska hagu.

"Wa ke nan?"

Ya ce, "Ni ne, Kaka. Bunyaminu. Na kawo."

"A'a, mijina ne? Goben taka ta yi?" Ta kakkaɓe zanenta. "To kunna."

Ya kunna, nan take ya buɗe, ko daƙiƙa bai ɓata ba. Kalangu ya tashi, guɗa ta biyo. Tsohuwar ta miƙa hannu tana lalube har ta samu gilashin, ta ɗora tafinta a kai. Ta tambaye shi ko Zuhura ce wannan. Ba ita ba ce, motocin manyan baƙi ne da hulunansu, don su ya fi bi da kyamara ranar. Ya yi ta turawa gaba har ya kai wajen kamu, inda aka yaye wa amarya lulluɓi ƙawayenta na tsokanarta.

"Ga ta nan, Kaka."

"Wane zane ta ɗaura? Na aika mata da saƙina na aure."

"Shi ta ɗaura. Baƙi mai ratsin ja."

"Lallen ya kama?"

"Ya kama, har gwiwar hannu."

"Ta yi kyau?"

Ya ce ta yi kyau. A cikin bidiyon wata ta faɗi abin dariya, Zuhura ta ƙyalƙyale, tsohuwar ta gane muryar ta ce ya mayar baya. Ya mayar. Ta sake cewa ya mayar, ya sake mayarwa.

Can ta ce, ba tare da faɗa ba, "Ranar da ka zo da fari, har maɓallin rigarka ina gani."

Ta bar tafinta a kan gilashin har batir ya mutu.