Talotalon da Na Yanka a Ƙasar Mayawa

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kasuwar mai na ci, ni matashin jami'i ne a wata ma'aikata a Abuja, mai ji da kai, mai ganin duk wanda bai sa kwat ba bai waye ba. Oga ya tura ni taro Meziko, bayan an tashi na ɗauki ɗan jagora, wani dattijo gajere, ya kai ni kufan Mayawa, mutanen da suka gina birane a dajin ƙasar tun kafin zuwan Turawa.

Wallahi da muka ɓullo daga cikin itatuwa sai na tsaya cak. Gini ne na zallan dutse, hawa kan hawa, ya zarce duk bishiyoyin dajin, ga zane a jikin duwatsun kamar jiya aka sassaƙa. Dattijon ya ce kakanninsa ne suka ɗora su, babu ƙarfe babu jaki. Na hau har ƙoli ina haki, na ga daji iya ganina, da kawunan wasu gine-ginen suna leƙowa. Ni da nake alfahari da benayen Abuja, sai na ji na zama ɗan mitsitsi, na yi ta tasbihi ban sani ba.

Wajen saukowa jiri ya ɗebe ni saboda zafi, sai dattijon ya kai ni gidan mahaifiyarsa, wata bukkar ciyawa a kusa. Tsohuwar ta ba ni kunun masara a ƙoƙo, sannan ta kawo miya da nama. Gaskiya ƙyanƙyami ne ya kama ni, ko gurasar masarar da ke gefe ban taɓa ba. Maimakon in ci abin da ya halatta in bar naman, sai na fake da addini, na ce a faɗa mata ba na cin komai sai da yankan Musulmi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ta fita, sai ga ta da ƙaton talotalo a hammata da wuƙa, ta miƙo mini. Fuskar ɗanta ta canja. Da na matsa masa, ya ce talotalon nan shi kaɗai gare ta, shekara guda tana kiwonsa don girkin tunawa da mahaifinsu da ya rasu, kuma ranar ta kusa. Na shiga rantsuwa na ƙoshi, na jawo gurasar ina turawa a baki. Ta girgiza kai, ta ce a gaya mini mijinta bai taɓa cin abinci baƙo na kallo ba, ba zai fara yanzu don ya mutu ba. Na fuskanci gabas na yi bisimilla, na yanka shi, ita kuma ta sunkuyar da kai har na gama.

Na ci naman nan da kunyar da ban taɓa ji ba. Abin da na koya shi ne, talaka ba ya jin uzurin baƙo a matsayin uzuri, umarni yake ɗaukarsa. Ina jan kunnen masu tafiye-tafiye, kada ku sa wa girman kanku rigar addini a gidan mai karamci. Ni na yi, kuma tsohuwar da ba ta san sunana ba ce ta biya.