Ka Ce a Fara Daga Dama

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina tsakiyar ban ruwan albasa bayan la'asar aka kira ni aka ce Abdulsamad Jaji ya rasu, motarsu ta kife kusa da Garun Mallam. Abdulsamad, yau kwana tara ke nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, tsoro ya fi baƙin ciki yawa a zuciyata.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta shiyyarmu a Bunkure, amma kai ne idonmu. Da ka dawo da digirin kwamfuta har tsokanarka nake yi, ina cewa danne-danne ba ya fid da shinkafa. Sai ga shekarar da saƙonnin tallafin taki suka cika mana wayoyi, kowanne da adireshin da za a latsa a zuba lambar banki. An yashe mutum biyu kafin ka tara mu a bakin kanal ɗin ban ruwa.

Ka ce adireshin intanet ba a karanta shi irin na boko, daga dama ake farawa kamar allo. Wutsiyarsa, irin su com, ita ce babban kanal, ba ta mutum ɗaya ba ce. Kalmar da ke manne da ita ita ce gona, mai ita shi ne mai adireshin. Duk abin da ya rage ta hagu fangali ne, wato ɗan yanki a cikin gonar, mai gona na iya raɗa masa sunan da ya ga dama, ko da na gwamnati ne. Har tsofaffi sun gane a ranar.

Ka haɗa mana 'yar manhaja mai ciro sunan gonar. Ina tuna ranar da ta ce wani kamfanin iri sunansa com.ng. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce ka shirya ta kamar kowace wutsiya gaɓa ɗaya ce, alhali ta gida Najeriya takan zo da biyu. Daga nan ka riƙa ɗora mata dogon jerin wutsiyoyin duniya, kana sabunta shi duk wata, ba ka taɓa karɓar ko kwandon tumatir ba. Tun bayan rasuwarka ta daina buɗewa, ba kuma wanda ya san makamarta.

Jiya wani saƙo ya fara yawo, wai a latsa a ga hotunanka a kuma yi rajistar sadakar iri da iyalanka ke rabawa. Iya, mahaifiyarka, ta sa aka kira ni. Ta miƙo min waya ta ce, "Sammani, ga sunan abokinka nan, har da na ubansa. Buɗe min in ga fuskarsa."

Masu zaman makoki suka juyo gare ni, na kuma san abin da na faɗa shi gari zai bi. Na ɗora yatsa a kan adireshin ta dama. Na ga com, sai wata kalma da ban taɓa gani ba. Sunanka yana can ƙarshen hagu.

Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba nasa ba ne."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Ban tabbata irin yadda kake tabbata ba, amma na ce mata na tabbata. Ta ce, "To, goge shi." Da hannuna na goge sunanka daga wayar mahaifiyarka. Gobe wani zai zo wanda ya fi wannan wayo, ni kuwa abin da na sani bai wuce karatun bakin kanal ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Iya, da matarka Nafisat, da 'yarka Aziza, da manoman Bunkure da Kura. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare mu daga masu ci da sunan mamaci. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Kai da ka koya mana farawa daga dama, Allah Ya miƙa maka littafinka a hannun dama. Amin.

Sammani Tambaya, Bunkure