Ranar da Aka Gyara wa Harara Ido

A duk dangi babu wanda ba Kawu yake ce masa ba, har waɗanda suka girme shi, har matarsa idan tana son ta tsokane shi. A tasha kuwa Mai Harara ake kiransa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa. Ya fara wanke tayoyin manyan motoci tun bai kai tsawon tayar ba, ya yi karen mota, ya tuƙa ta wani, daga baya Allah ya ba shi tasa, wata akori-kura da ta ga jiya ta ga yau, wadda babu mai iya rantsuwa a kan launinta na asali.

Motar ce ta fara cin sunan Harara, shi gado ya yi. A makon da ya sayo ta, ya tashi shiga gida da ita ya gogi ginshiƙin ƙofa. Har gobe Kawu na cewa ginshiƙin ne ya matso. Tun daga ranar fitila ɗaya ta karkace, ta koma kallon kwata da ciyawar bakin hanya, ɗayar kuma tana duban gaba da wani haske ja-ja, kamar garwashin da aka manta a murhu. Idan ta tunkaro ka daga nesa, sai ka tsargu ko ka yi mata wani laifi.

Da wannan harara Kawu ya ciyar da gida, ya sa yara a makaranta, ya aurar da 'ya'ya. Aikinsa na asuba ne. Yana idar da salla zai bi tsohuwar hanyar lambuna, inda mata masu kayan miya ke tsaye da kwandunansu, kowace a bakin 'yar hanyar da ta fito daga lambunsu, ya kwashe su zuwa babbar kasuwa kafin gari ya waye. Ba su da tasha, ba su da alkawari. Ham ɗin motar ya mutu tun 'yarsa ta fari tana rarrafe. Lambar wayarsa ma babu wadda ta taɓa nema, don wa ke buga wa rana waya ya tambaye ta ko za ta fito? Da sun hango ido ɗaya a kwata, ɗaya yana gyangyaɗi, sai su fara jawo kwanduna bakin kwalta.

Tafiya kuwa a hankali yake yin ta, kuma yana alfahari da haka. "Tumatir ba ya son gaggawa," in ji shi, kamar wanda ya yi dogon nazari a kan halayen tumatir. Gaskiyar maganar ita ce ba ya ganin abin da ya wuce hancin motar.

Ana nan sai Allah ya haɗa shi da suruki, mijin babbar 'yarsa. Ma'aikacin ofis ne, mai ladabi, mai kyauta, ba a san shi da wani aibu ba sai cutar nan ta gyara abin da ba a ce masa ya lalace ba. Shi ya taɓa sayo wa matar Kawu murhun gas, ga shi can a saman kabad ana ajiye kwanuka a kansa. Wata ranar hutu da yamma ya zo gaisuwa, ya durƙusa, ya ajiye wani ɗan kwali mai sheƙi a gaban Kawu.

"Baba, ƙwayayen fitila ne na zamani, LED ake ce musu. Rannan na gamu da kai a hanya, wallahi na ɗauka mai keke ne ya riƙe tocila."

Kawu ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma ba a musu da suruki, balle ya zo da kyauta a hannu. Ya ce, "Allah ya yi albarka. Ai kuwa dama ina da niyyar canza su." Matarsa da ke bayan labule ta yi wani tari wanda ba na mura ba.

Washegari Kawu ya kai motar wurin mai gyaran wutar mota, a wata rumfar kwano da wayoyi ke rataye kamar saiwar itace. Mai gyaran ya kwance gilashin, ya zaro tsohon ƙwan da yatsu biyu ya ɗaga shi sama.

"Kawu, wannan a gidan tarihi ya kamata a ajiye shi. Da shi kake fita da asuba? Ashe kai waliyyi ne ba mu sani ba."

"Kai dai yi aikinka."

"Waɗannan da surukinka ya kawo, ka ga, ba sa shan batir, ba sa mutuwa da wuri, kuma gilashin ba ya ɗaukar zafi. Ko jariri ka ɗora a kai ba zai ƙone ba."

"Sai in nemo jaririn da zan riƙa ɗorawa."

Mai gyaran ya jefa tsofaffin ƙwayayen cikin durom ɗin shara, aka ji tas. Sannan, ba tare da an roƙe shi ba, ya ɗauko sukundireba ya miƙe wa karkatacciyar fitilar wuya, ya saita ta da 'yar'uwarta a jikin bango. "Wannan kyauta na yi maka," in ji shi. Kwana biyu kenan Kawu yana fama da masu kyauta.

Da magariba aka gwada a tsakar gida. Kawu ya murɗa makunni, sai ga farin haske kamar an tsage sama. Zakaran maƙwabta ya yi cara. Duk tsagar da ke jikin bango ta bayyana, da yanar gizo-gizon da ke ƙarƙashin rumfa, da wani takalmin jika da aka daɗe ana zargin aljanu da ɗauke shi. Matarsa ta kare fuska da murfin tukunya.

"Kashe, don Allah! Ka tona mana asirin tsakar gida."

Kawu bai kashe ba. Ya tsaya a gaban motar hannu a ƙugu, inuwarsa ta haye bango har saman rufi. Tunda aka haife shi bai taɓa yin tsawo haka ba.

Da asuba ya hau hanyar lambuna, ya ga duniyar da ya yi shekara da shekaru yana ratsawa bai taɓa gani ba. Ramukan da ƙugunsa kaɗai ya san su, yau ga su ido da ido. Ashe akwai wata gada. Ashe allon nan da yake ɗauka na talla ne, gargaɗin kwana ne. Daɗi ya kwashe shi, ƙafa ta nutse a kan totur, Harara ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana hannun mai ita na farko. Nazarin halayen tumatir ya bi iska.

Sai da ya hango fitilun kasuwa sannan ya tuna bayan motar babu komai. Bai ga mace ko ɗaya a hanya ba.

Ya ce wataƙila rasuwa aka yi musu. Washegari ma haka, hanya fes kamar an share. A bakin wata 'yar hanya ya ga takalmin roba ƙafa ɗaya da tumatir yana gangarawa shi kaɗai, ya wuce yana mamakin sakacin mutane. Da abin ya ci gaba, sai mamaki ya koma fushi. Akwai wani mai babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya da ya daɗe yana shawagi a hanyar, Kawu ya yanke hukunci cewa shi ya janye su. Mata da ya ɗauka tun suna goyon yaran da yanzu su ke riƙe musu kwando! Don zuciya ko cikin kasuwar ya daina shiga, yana isa bakin ƙofa sai ya juya ya tafi neman dakon bulo da katako, aikin da ke sa Harara tari shi kuma ciwon baya.

A gida ya zama abin tsoro. Matarsa ta zuba masa ido har ta gaji, ta ce, "Kawu, kai da ka samu hasken da ake ganin allura a ƙasa, mata da kwanduna ne suka gagare ka gani? Ka je ka tambaye su mana. Ko bakin ma sai suruki ya sayo maka sabo?"

Da hantsi ya wanke fuska ya tafi. Ya ajiye motar nesa, ya taka har layin masu kayan miya, ya shirya maganganu masu zafi a bakinsa. Babbarsu, wadda kowa ke kira Uwar Tumatir, tana zaune a gaban kwandon da rabinsa ya faffashe, ƙafarta ɗaure da tsumma. Tana ganinsa ta riga shi.

"Lale da ɗan gudun hijira! Ashe kana raye? Mu har mun fara tunanin zuwa gaisuwa."

"Ni ne ma…"

"Kai ne me? Ka tashi ɓacewa sai a lokacin da masifa ta sauko mana. Ka san 'yan kamen nan masu kwashe kayan mutane a bakin hanya? To sun gano mu. Kullum asuba sai sun zo, da wata mota mai idanu kamar walƙiya, a guje kamar an biyo su. Tun daga nesa muke hango ta, mu ja kwanduna mu faɗa cikin ƙaya. Dubi ƙafata. Waccan takalminta ta bari. Sai rana ta fito muke lallaɓowa, lokacin masu saye sun watse."

Maganganun da Kawu ya shirya suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Kun… kun ga motar da kyau?"

"Wa zai gan ta? Ai ko kallon inda take ka yi, sai ka yi rabin sa'a kana ganin taurari. Amma Allah na ganin direban. Mugu, azzalumi, wanda bai san darajar uwa ba. Allah ya sa abin da ya yi wa idanunmu a yi wa nasa!"

Matan layin suka amsa da amin. Uwar Tumatir ta dube shi.

"Kai ba ka ce amin ba."

Kawu ya duba hagu, ya duba dama, babu mafita. A hankali ya ce, "Amin."

"To ina ka shiga?"

"Motar ce… aka yi mata aikin ido."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ka ji, mai babur ɗin nan ya ce zai riƙa shiga har cikin lambu yana ɗaukar mu. Mun ce masa muna da namu. Idan gobe ba mu ga Harara ba, shi ke nan, ba mu da namu."

Daga nan rumfar mai gyara ya nufa. Tsofaffin ƙwayaye dai sun tafi da shara. Sababbi irin na da akwai su, amma Kawu ya tuna suruki na zuwa duk ƙarshen mako, kuma abin da yake fara yi bayan gaisuwa shi ne ya zagaya gaban motar ya duba kyautarsa. Cire su daidai yake da mayar masa da kyautar a gaban 'yarsa. Ya ce to a karkatar masa da fitila ɗaya kawai. Mai gyaran ya dafe ƙirji.

"Ni? Da hannuna? A ce daga rumfata mota ta fita tana harara? Kawu, ina da suna a garin nan."

Kawu ya koma gida ya rufe ƙofa. Ya sassauta fitilar da kansa, ya yanko guntun tsohon silifa ya cusa a bayanta har ta koma kallon kwata. Sannan ya shiga kicin ya kwaso ledojin nan masu ruwan ɗorawa da matarsa ke tarawa a bayan ƙofa, ya ninka su, ya lulluɓe gilashin duka biyun, ya bi da salatif. Da magariba ya kunna. Haske ya fito ja-ja, a gajiye, kamar bai ci abinci ba. Ya bar shi a kunne, yana taɓa ledar lokaci-lokaci. Ba ta narke ba. A cikin duk fa'idojin da mai gyara ya lissafa, wannan ce kaɗai ta yi wa Kawu rana.

Matarsa ta leƙo ta daɗe tana kallo. "Ma sha Allah," in ji ta. "Duk garin nan babu mai duhu mai tsada irin naka."

Da asuba Harara ta hau hanyar lambuna tana rarrafe, ido ɗaya a kwata. Kawu bai ga gada ba, bai ga allo ba, ramuka suka koma gaisawa da ƙugunsa. A bakin 'yar hanya ta farko karkatacciyar fitilar ta sauka a kan kwando, sannan a kan ƙafa ɗaure da tsumma. Uwar Tumatir ta sa aka loda mata kaya, ta shiga gaba ta zauna kamar yadda ta saba, ta ja ƙofar da igiyar da ake ja da ita. Kafin su kai kasuwa bayan motar ya cika har ana riƙe kwanduna a cinya.

"Ka gani ko?" in ji ta. "Yau da ka fito, 'yan kamen ko ƙyallinsu. Tsoronka suke ji."

Kawu ya gyara zama ya ce, "Ai sun san ni."

Haka aka ci gaba har yau. Duk ranar da suruki zai zo, matar Kawu ce ke ɓare leda ta zare silifa, idan ya tafi a mayar. Surukin kuma yana nan yana ba abokansa labarin yadda ya fitar da Baba daga duhu.

A ranar da Harara ta dawo ɗin dai, da suka tsaya a ƙofar kasuwa, Uwar Tumatir ta sauko ta zagaya gaban motar, ta ƙura wa fitilun ido, ta girgiza kai.

"Amma Mai Harara, wannan aikin ido da aka yi mata, cutar ka aka yi. Ta ma fi da mutuwa. Ba ka da wani suruki ne da zai sayo maka irin na zamanin nan?"