Tuwo Gaya Saboda Sarakunan Habasha

Lokacin kullen korona mu uku ne a wani ɗan gidan bene a ƙasar waje, a unguwar da ake kira Pantai Dalam: ni mai nazarin tarihin Habasha ta dā, da wani Bakano injiniya, da amininsa ɗan Jos, Kirista, wanda ya gama karatu yana jiran a buɗe hanya ya koma gida. Tsarinmu mai sauƙi ne. Bakano ke tuƙa tuwo, ɗan Jos ke miya, ni kuma in wanke kwanuka.

Zaman banza ya sa suka tambaye ni abin da nake rubutawa. Na ce yadda sarakuna Kiristoci da fatake Musulmi suka haɗu suka gina ƙasar. Duk cikinsu babu wanda zai iya nuna Habasha a taswira, amma kafin shayi ya huce kowa ya zama shehun malami.

"Mu muka sassaƙa coci a cikin dutse, mutumina," in ji ɗan Jos, kamar da shi aka riƙe guduma.

"To da wa ya kawo muku tufafi daga bakin teku?" in ji Bakano. "Ba don mu ba, da sarkinku tsirara zai hau gado!"

Na yi ƙoƙarin raba gardama. Na ce ai babban limamin cocin Habasha daga Masar ake aiko shi, kuma sai da yardar sarkin Musulmi na can. Kowa ya yi tsalle ya ce na gaskata shi. Takaici ya ishe ni.

Daga nan aka raba firji, aka daina gaisuwa. Bakano ya ci gaba da tuƙa tuwonsa yana ci gaya, yana cewa haka ya fi lafiya. Ɗan Jos yana dangwala burodi a miyar kuka. Ni da na jawo masifar na koma yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshe, a wurin mamak, masu shagon abinci na unguwar. Kullum ina ce musu jirgin komawa gida fa zai zo, su shirya tun suna ganin juna. Kowa ya ce sai ɗayan ya janye maganarsa, a kan mutanen da ƙashinsu ma ya zama ƙasa.

Jirgin kwashe mutane ya zo ba shiri. Da safe ɗan Jos ya ja akwatinsa, ya ɗan tsaya a ƙofar ɗakin Bakano. Ƙofar ba ta buɗe ba. Ya tafi.

Da rana Bakano ya tarar da kuka da daddawar ɗan Jos a wurin da shi Bakanon yake ajiye kayansa, an ɗaure su da kyau. Ya kaɗa miya da kansa, duk gudaji, ya zauna yana ci hawaye na zuba.

"Malam, yaji ne ya yi yawa," ya ce da ni.

Na ɗanɗana. Ko gishiri bai sa ba, balle yaji.